Zurfin kan harsashi a cikin kwanso: wanne za ka zaɓa, da wane ma'auni?

Mai ɗura harsashinsa da hannu don harbin saiti yana da zaɓi uku kan inda kan harsashi zai tsaya. Ko ya bi tsawon harsashi gaba ɗaya da littafin ɗuri ya bayar, ko ya bar kan ya fito har ya ciji tsagin cikin bututun bindiga, wato layukan da ke sa kan ya riƙa juyawa in an harba, ko kuma ya bar ƴar tazara ta yadda kan zai yi ɗan tsalle kafin ya kama tsagin.

Tsawon littafi ba shi da laifi, sai dai an tsara shi ne don ya shiga kowace bindiga. A harsashi samfurin .308 Winchester iyakarsa inci 2.810 ne, kuma sau da yawa gidan harsasai ma ba zai bar ka ka wuce nan ba. Cizon tsagi kuwa, bar wa ƴan gasar harbi masu ɗora bindiga a kan benci. Yana ɗaga matsi, kuma ranar da ka zare harsashin ba ka harba ba, kan na iya maƙalewa a bututu, albarushi ya watse har cikin kunama.

Ni dai ƴar tazara nake so, a fara daga wajen inci 0.020. Bindiga ba ta tsayawa yadda ka saye ta. Kowane harbi yana cin bakin tsagin kaɗan kaɗan, shi ya sa wanda ya saita harsashinsa daf da tsagi kullum yana cikin bin sawu, mai tazara kuwa yana da sarari. Daga nan sai ka riƙa ƙara tsallen mataki-mataki, kana harba rukuni-rukuni, kana neman wurin da matakai biyu ko uku a jere suka sa harbin ya taru wuri ɗaya da kyau. Rukuni ɗaya da ya yi kyau shi kaɗai sa'a ce kawai. Siffar kan ma tana da ta cewa. Wanda kafaɗarsa, wato inda jikin kan ya fara tsukewa zuwa tsini, ke lanƙwasa a hankali, irin Sierra MatchKing mai nauyin giren 168, tsalle bai dame shi ba. Dogaye masu tsini irin samfurin VLD na kamfanin Berger su ne masu tsirfa. Kuma duk lokacin da za ka matsa kusa da tsagi, ko ka nutsar da kan sosai cikin kwanso, rage albarushi tukuna ka sake hawa a hankali.

Kada ka auna daga tsini, don tsinin kawunan da ke kwali ɗaya ma yakan bambanta. Kafaɗa ce ke taɓa tsagi, ita za ka auna. Ma'aunin kamfanin Hornady mai hawa kan kalipa, wato ma'aunin tsawo da kauri mai baki biyu, ya isa wannan aiki. Wajen madannin kai, wato ƙarfen da ke tura kan cikin kwanso, ɗauki mai maikiromita (murfin juyawa mai zanen awo) na Redding ko Forster, wanda kowane zanensa inci 0.001 ne. Na gama-gari mai dunƙulen kusa lalube ne kawai.

Inda aka fi cutar mutane shi ne kalipa. Jabun kalipar kamfanin Mitutoyo sun cika kasuwannin intanet, da kwali da takarda da komai, kuma a hoto ba ka isa ka bambance ba. Wani mai sayarwa ya taɓa turo min irinsa: ka rufe baki ya nuna sifili, ka buɗe ka sake rufewa ya nuna 0.002, batirin kuma bai yi wani daɗewa ba ya mutu. Mutumin da ke neman bambancin 0.003 me zai yi da wannan? In farashi ya faɗi ƙasa da na dillalin kamfani da nisa, wuce abinka. In ya riga ya iso hannunka, goge bakin, rufe shi ka ɗaga wajen haske. Ka ga haske na ratsawa, mayar musu. Sannan ka auna ƙarfen gwaji da aka san kaurinsa sau da yawa, da safe da kuma bayan ya ɗumama a hannu, ka ga ko lambar za ta tsaya wuri ɗaya.