Dashen gwiwa: awon hannu, jagorar kwamfuta ko mutum-mutumi?

Idan guringuntsin gwiwa ya cinye har ƙashi yana gugar ƙashi, magani da allura da gashin ƙashi duk sun daina aiki, abin da ya rage shi ne dashe. Likita zai yanke bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, ya ɗora wa kowanne ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Yawancin mutane tambayarsu ba ta wuce irin ƙarfen da za a sa musu ba. Ni kuwa na fi so a fara da wannan: da me za a auna yankan? Ƙashi in an sa masa zarto an gama, tun ran gini ran zane.

Abin da aka saba nema shi ne layi miƙaƙƙe daga tsakiyar kwatangwalo, ya ratsa tsakiyar gwiwa, ya sauka tsakiyar idon sawu. Likitoci sun daɗe suna ɗaukar karkatar da ta wuce digiri 3 a matsayin kuskure, don nauyin jiki kan taru a gefe guda, robar ta ci, ƙarfen ya fara girgiɗi.

Tsohuwar hanya ita ce awon hannu. Ana huda ƙashin cinya a zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, a ɗora ma'aunin yanka a kanta. Ba na raina ta. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka dasa suna kai shekara 25, kuma akasarinsu da wannan hanyar aka yi su. Rauninta shi ne ta ɗauka ƙashin kowa a miƙe yake. Mahaifiyata ta taɓa karyewa a cinya tun tana budurwa, ƙashin ya haɗe da 'yar lanƙwasa. Da aka zo yi mata dashen gwiwa, sandar ta bi lanƙwasar, yankan ya bi sandar. Ta fito da ƙafa a karkace, in ta taka sai ka ga gwiwar ta turo waje, tana dafa bango tana cije leɓe. Sai da aka sake buɗe ta, kuma aikin gyara ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba.

Shi ya sa zuciyata take kan jagorar kwamfuta. An fara amfani da ita wajen dashen gwiwa a birnin Grenoble na Faransa a 1997, don haka ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanka. Likita zai kafa ƙananan ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya ɗaura musu wasu 'yan ƙwallaye masu mayar da haske, kamara tana kallonsu daga gefen gado. Sai ya kama ƙafar ya juya ta a hankali, kwamfuta ta lissafa inda tsakiyar kwatangwalo yake ba tare da an taɓa wurin ba. Daga nan ya ɗauki tsinken nuni ya riƙa taɓa wurare a cikin gwiwar da gefe biyu na idon sawu, har taswirar ƙafar ta fito a allo. Ya ɗan motsa ma'aunin yanka, lambar digiri ta canza a gabansa. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an yanka: ana kwantar da wani faifai a kan ƙashin a sake aunawa, in zarto ya kauce a gyara nan take, kafin a sa simintin da ke manne ƙarfen da ƙashi. Haka kuma yana iya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya ga da milimita ko jijiyoyin gefe ɗaya sun fi na ɗaya ɗaurewa. Ba a shiga ramin ɓargo, kuma yawancin irin waɗannan na'urori ba sa buƙatar hoton CT, wato hoton da ke nuna ƙashi yanka-yanka. Ga wanda ya taɓa karaya, ko yake da tsohon ƙarfe a cinya, ko ƙafarsa ta yi baka ko gwame sosai, ban ga abin da ya kai ta ba.

Wasu likitocin yanzu ba layi miƙaƙƙe suke bi ba, sun fi son mayar da ƙafa yadda aka halicce ta. Su ma dai sai da awo mai kyau za su samu abin da suke nufi.

Gaskiya ɗaya ce: bincike ya nuna jagorar tana rage yawan gwiwoyin da ke fitowa a karkace, amma bai nuna kowa zai fi jin daɗin tafiya ba. A Koriya ta Kudu an bi mutanen da aka yi wa gwiwa ɗaya da kwamfuta, ɗaya da hannu, sama da shekara 10, ba a ga wani bambancin kirki ba. A rajistar dashe ta Ostireliya kuwa, nazarin 2015 ya nuna 'yan ƙasa da shekara 65 da aka yi wa da jagora ba a cika sake buɗe su ba. Aikin yana ƙara 'yan mintoci, kuma jefi-jefi wurin ƙusa kan kamu da ƙwayoyin cuta ko ƙashi ya tsage, musamman ga mai ƙashi marar ƙwari.

Akwai ƙaramar na'ura irin KneeAlign da ake ɗaurawa a kan ma'aunin, ba kamara. Tana da amfani in babbar ba ta samu ba. Ma'aunin roba da ake ƙera wa kowane mutum nasa daga hoton CT ko MRI kuwa, bai nuna ya fi awon hannu ba, kar ka ƙara kuɗi a kansa. Mutum-mutumi irin Mako na kamfanin Stryker ko ROSA na Zimmer Biomet, jagorar ce aka ƙara wa hannun inji. Yana aiki da kyau, sai dai tsada, ga Mako kuma dole sai an yi CT.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen masu talla. Lokacin da muke neman inda za a gyara wa mahaifiyata, wani dillalin asibiti ya miƙo mana takarda mai ƙyalli an rubuta tiyatar kwamfuta da manyan baƙaƙe. Da muka matsa wa likitan da tambaya, ashe kwamfutar da ake nufi ta kallon hoton ƙashi ce a ofis. A wani wurin kuma na'urar tana nan, amma likitan da zai yi aikin bai saba da ita ba. Wannan ya fi haɗari, domin kwamfuta abin da aka nuna mata take lissafawa. In an taɓa wurin da ba daidai ba, za ta kai zarto ga kuskure, lambobi kuma suna nuna komai lafiya. Duk wanda ya ce maka da leza ake dashen gwiwa ba yanka, ko inji ne zai yi aikin shi kaɗai, ko ba ka buƙatar gashi bayan tiyata, tashi ka bar wurin. Haka mai cewa allura ɗaya za ta tsiro da guringuntsin da ya riga ya ƙare.

Kar ka tsaya ga dillali, likitan da zai riƙe zarto za ka tambaya. Ka ce: "Likita, mene ne sunan na'urar, kuma gwiwa nawa kake yi da ita a shekara? In ta tsaya ana tsakiyar aiki, me za ka yi?" Ƙwararre zai ce maka kayan awon hannu suna nan a shirye kuma ya iya su. A rubuta sunan na'urar a takardar amincewa kafin ka biya. Rashin tabon ƙusa a ƙwauri ba hujja ba ne cewa an yaudare ka, wasu a cikin babban yankan suke kafa su. Abin da za ka nema bayan aiki shi ne rahoton awon da na'urar ta adana, da lambobin ƙarfen da aka dasa, da dogon hoton ƙashi daga kwatangwalo zuwa idon sawu, wanda aka ɗauka kana tsaye.