Miliyan ɗaya da 720,720: wacce ta fi daɗin rabo?

Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya ce yaronsa ya dawo daga makaranta yana cewa 720,720 ta fi miliyan ɗaya, shi kuwa ya rasa ta yadda ƙarama za ta fi babba. Malam, yaron yana da gaskiya, sai dai maganar rabo yake yi. In kuɗi ne aka ajiye maka, ɗauki miliyan, don tazarar 279,280 ba wasa ba ce.

In ka warware miliyan ɗaya har ƙasa, 2 guda shida da 5 guda shida kawai za ka tarar, an ninka su da juna. Shi ya sa lambobi 49 ne kacal ke raba ta ba saura. Ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa bakwai, kowanne sai ya bar maka saura 1.

Ita kuwa 720,720 kayan cikinta sun fi yawa: 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5, 7, 11 da 13. Lambobi 240 ne ke raba ta. Tun daga 1 har 16 babu wadda ba ta shiga cif, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lamba mai wannan hali. Sai a 17 take cijewa, ta bar saura 5. Irin waɗannan lambobi, da suka fi duk na ƙasansu yawan masu raba su, su ne masanin lissafi Ramanujan ɗan Indiya ya yi dogon rubutu a kansu a 1915.

Masu karatun rabon gado a zaurukan cikin birni za su fi kowa ganin bambancin. Sumunin miliyan, wato ɗaya bisa takwas, 125,000 ne, lafiya lau. Amma da an zo sulusi sai a sami 333,333 da saura 1, sudusi kuma, wato ɗaya bisa shida, 166,666 da saura 4, sai an koma lissafin kwabo. A 720,720 kuwa sumuni 90,090, sudusi 120,120, sulusi 240,240. Ko mas'alar da asalinta 24 ne, wato gadon da ake kasawa kashi 24, kowane kaso 30,030 ne daidai.

Miliyan ma tana da nata. Ita ce 1,000 sau 1,000, ita ce kuma 100 sau 100 sau 100, abin da 720,720 ba ta da shi, don ta faɗa tsakanin 848 sau 848 da 849 sau 849. Wannan ne ma ya sa adadin masu raba miliyan ya zama mara: kowace lamba tana da abokiyar ninki, 1,000 ce kaɗai abokiyar kanta.

Ka gwada yaron da wannan: 720,720 ai 720 ce sau 1,001, ita kuma 1,001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Ya rubuta duk lamba mai gida uku sau biyu a jere, kamar 358,358, ya raba ta da 7, da 11, da 13, ya ga abin da zai rage masa.