Littattafan Almara na Yara da Matasa: Wanne Za a Saya, Kuma Ra'ayin Wa Za a Bi?

Littafin da ya tara taurari huɗu da ɗoriya a shafin sharhin littattafai na Goodreads ko kantin intanet na Amazon ba lallai ne ya dace da ɗanka mai shekara goma ba. Taurarin suna nuna cewa waɗanda suka karanta sun ji daɗi, amma ba sa gaya maka su wane ne. Yawancin masu rubuta sharhi a kan littattafan yara manya ne, wasu suna tuna abin da suka karanta tun suna firamare, wasu kuma masu sha'awar labaran matasa ne alhali sun haura shekara ashirin da biyar. Shi kuwa yaron da za ka miƙa wa littafin, ba a tambaye shi ba. Don haka sharhi yana da amfani, amma sai an san yadda ake tace shi.

Iri biyu muke magana a kai. Akwai labaran almara, masu sihiri da dodanni da duniyoyin da babu su, irin su Harry Potter da Narnia. Akwai kuma labaran lalatacciyar duniya, inda ake hasko wani zamani mai zuwa da mulkin zalunci ya danne mutane ko abinci da wuta suka ƙare, irin su The Hunger Games da The Giver. A kanti ana jera su wuri ɗaya, bangonsu ma yakan yi kama, amma nauyin da suke ɗora wa zuciyar yaro ba ɗaya ba ne.

Yadda ake tace sharhi

Kada ka fara da masu taurari biyar, domin mafi yawansu yabo ne zalla. Masu tauraro ɗaya kuma, musamman a Amazon, sau da yawa ba a kan labarin suke ba: wani bangon ya iso masa a yage, wani an daɗe ba a kawo masa ba. Amazon ma yakan haɗe sharhin bugu daban-daban a shafi ɗaya, ka ga wani yana kuka da muryar mai karanta littafin sauti alhali kai na takarda kake nema. Zaɓi masu taurari biyu da uku, ka karanta guda biyar zuwa goma. Su ne waɗanda suka gama littafin kuma suka iya faɗin inda ya yi tsami: tsakiya ta yi ja, kisa ya yi yawa, soyayya ta cinye labarin. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci aibi ɗaya, to akwai shi.

Akwai wasu kalmomi da masu sharhin ke amfani da su waɗanda dole mai saye ya gane. "DNF" na nufin mutum bai iya ƙarasa littafin ba, sai ka duba a wane shafi ya tsaya da dalilinsa. "ARC" na nufin mawallafa ne suka ba shi kyauta kafin fitowa, irin wannan sharhi yakan yi sassauci. Wadda ta fi muhimmanci ita ce "spice", ko ka ga an jera hoton barkono: wannan ma'aunin batsa ne. Barkono ko da ɗaya ne, littafin ba na ɗan sakandare ba ne. Nan ne iyaye da yawa ke faɗawa rami, domin littattafai irin su A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas da Fourth Wing na Rebecca Yarros suna da bango mai kama da na almarar matasa, ana kuma yawan tallarsu a TikTok, amma akwai kwanciya a fili a cikinsu. Ka kuma lura da ranar sharhi, don Goodreads yana barin mutane su ba littafi taurari tun kafin a buga shi.

Shafin da ya fi yi wa iyaye aiki shi ne Common Sense Media. Yana ba da shekaru kashi uku, na ma'aikatansa, na iyaye, da na yaran da kansu, sannan ya rarraba abin da ke ciki: tashin hankali, soyayya, zagi, shaye-shaye. Sai dai ma'auninsa na Amurka ne. Sumba a wurinsu ƙaramin abu ce, sihiri da gumaka kuwa ba sa ma cikin lissafi. Wannan ɓangaren kai za ka duba da kanka.

Wani kuskure kuma shi ne ɗaukar sauƙin Turanci a matsayin dacewa. A ma'aunin Lexile, wanda ke auna tsawon jimla da wahalar kalmomi, The Hunger Games yana kan 810, Harry Potter na farko kuwa 880. Wato labarin da yara ke kashe juna ya fi labarin makarantar sihiri sauƙin karantawa. Ma'aunin ba ya auna abin da labari ke ɗauke da shi. Don gwada harshe, buɗe wa yaro shafi ɗaya a tsakiya, ya karanta a bayyane, ya lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Biyu ko uku daidai ne. Idan hannu ya cika kafin shafi ya ƙare, a ajiye sai baɗi.

Daga shekara takwas zuwa sha biyu

Harry Potter na J.K. Rowling littattafai bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, kuma matsalarsa ga mai saye ita ce yana girma tare da jaruminsa. A na farko Harry yana da shekara sha ɗaya, bugun Ingila na asali shafi 223 ne. Na biyar shafi 766 ne. Daga ƙarshen na huɗu, inda aka kashe wani ɗalibi a gaban idon Harry, labarin ya koma na mutuwa da azabtarwa da yaƙi. Yaran da suka fara karanta shi a 1997 sun jira shekara goma kafin su kai ƙarshe, yaron yau kuwa da aka saya wa akwatin gaba ɗaya zai iya haɗiye su cikin hutu ɗaya. Shawara ita ce a sayi uku na farko, sauran a jinkirta. Batun sihiri kuma ba gefe yake ba, shi ne ginshiƙin labarin. Gidan da ba ya so ya tsallake shi tun farko, gidan da ya yarda kuma ya zauna da yaro a bambance masa ƙagaggen labari da abin da addini ya hana.

Percy Jackson na Rick Riordan, wanda ya fara da The Lightning Thief a 2005, shi masu sharhi suka fi ambata idan ana neman abin da zai ja yaron da ba ya son karatu. Babi gajeru ne, akwai ban dariya, jarumin kuma yaro ne mai fama da matsalar karatu a makaranta. Amma ka san tushensa: gumakan Girka suna raye, kuma jaruman 'ya'yansu ne da suka haifa da mutane ba tare da aure ba. Sharhin Turawa ba zai ja hankalinka kan wannan ba.

Narnia na C.S. Lewis, bakwai ne su ma, daga 1950 zuwa 1956. Gajeru ne, babu batsa ko zagi, amma zakin nan Aslan da aka kashe ya tashi misalin aƙidar Kirista ne da marubucin ya gina da gangan. A cikin The Horse and His Boy kuma an zana mutanen kudu masu rawani da duhun fata a matsayin azzalumai, abin da masu karatu da dama suka yi tir da shi. Sababbin bugu suna sa wa The Magician's Nephew lamba ta ɗaya, amma The Lion, the Witch and the Wardrobe ne ya fara fitowa, kuma shi ya fi kama yaro.

Mai neman labarin da jarumarsa Musulma ce ya duba Nura and the Immortal Palace na M.T. Khan, 2022: yarinya 'yar Pakistan mai aikin haƙar ma'adini ta faɗa duniyar aljannu, labarin kuma yana magana kan sa yara aikin ƙarfi da hana su makaranta.

Idan kuwa ana so a shigar da yaro labaran lalatacciyar duniya, mu a ganinmu babu ƙofar da ta fi The City of Ember na Jeanne DuPrau, 2003. Gari ne a ƙarƙashin ƙasa, janaretansa ya tsufa, wuta na ɗaukewa tana daɗa jimawa kafin ta dawo, abincin gwangwani na ƙarewa, magajin gari kuma yana ɓoye wa kansa. Yara biyu 'yan shekara sha biyu suna harhaɗa wata yagaggiyar takarda don gano hanyar fita. Babu sihiri, babu soyayya, tsoron da ke ciki na duhu ne. Na uku a jerin, The Prophet of Yonwood, komawa baya ya yi da wasu mutane daban, ana iya tsallake shi ba a rasa zare ba.

Daga sha uku zuwa sama

The Giver na Lois Lowry, 1993, wanda ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a Amurka a 1994, yakan yaudari mai saye saboda siririn littafi ne, bai kai shafi ɗari biyu ba, jaruminsa kuma ɗan shekara sha biyu ne. A babi na 19 yaron yana kallon mahaifinsa yana yi wa jariri allurar mutuwa cikin fara'a, domin haka tsarin garin ya tanada. 'Yan shafuka ne kacal, amma suna zama a rai. Littafi ne mai kyau ƙwarai, ya fi sauran zurfi, sai dai babba ya fara karanta wannan babin kafin ya miƙa.

The Hunger Games na Suzanne Collins, 2008: gundumomi sha biyu, kowacce tana ba da yaro da yarinya masu shekara 12 zuwa 18, su ashirin da huɗu su yi ta kashe juna ana nunawa a talabijin. Marubuciyar ba ta mai da kisan abin sha'awa ba, ta nuna yunwa da talauci da yadda mai mulki ke amfani da kallo don tsorata jama'a. Na uku, Mockingjay, shi ya fi nauyi, yaƙi ne da taɓuwar hankali. Idan za a sayi ɗaya tak a wannan rukuni don ɗan shekara sha huɗu, shi ne. Divergent na Veronica Roth, 2011, ya fi shi soyayya da taɓe-taɓe, ginin duniyarsa kuma bai kai ba, sannan na ukunsa, Allegiant, ya sha suka daga masoyansa kansu. The Maze Runner na James Dashner, 2009, yana da gudu da tsoro, amma cike yake da ƙagaggun kalmomin da babu su a ƙamus, abin da ke rikita yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Na marubuta 'yan asalin Najeriya sun cancanci a tsaya a kansu. Akata Witch na Nnedi Okorafor, 2011, labarin Sunny ne, zabiya 'yar shekara sha biyu da aka haifa a Amurka aka dawo da ita Aba. Mugun da ke cikin labarin mai satar yara ne don tsafi, kuma wannan ya fi tsorata yaron Najeriya fiye da na waje, domin abu ne da yake ji ana faɗa. Kamfanin Cassava Republic ya buga shi da suna What Sunny Saw in the Flames, littafi ɗaya ne, kada ka saya sau biyu. Haka Philosopher's Stone da Sorcerer's Stone, sunaye biyu na Harry Potter na farko, ko Northern Lights da The Golden Compass na Philip Pullman, wanda shi kuma jerinsa suka ne kai tsaye ga hukumar addini. Okorafor tana da The Shadow Speaker, wanda ta gina a Nijar ta shekarun 2070. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, 2018, ya haura shafi ɗari biyar, an gina shi kan abubuwan bautar Yarbawa na gargajiya, akwai rataya da azabtarwa, bai dace da ƙasa da sha huɗu ba. A kansa ka nemi sharhin 'yan Najeriya musamman, su ne suka yi magana kan Yarbancin da ke ciki da yadda aka mai da Ilorin ƙauyen masunta a bakin teku.

Da Hausa ma akwai abin farawa, ko da yake sharhinsu a intanet kaɗan ne, malamin Hausa ya fi shafin taurari saninsu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam suna koya wa yaro zama da dogon labari kafin a ɗora masa wahalar baƙon harshe.

A bakin kanti

Sayi na farko kaɗai, sai yaro ya gama ya nemi na biyu da bakinsa. Kafin nan ma ana iya karanta farkon littafi kyauta a Kindle ko Google Books. Littattafan da suka shahara su aka fi yi wa bugun jabu, kuma ana gane shi: rubutu ya dushe ko ya karkace, takarda sirara har ana hango bayan shafi, taswirar farko ta zama baƙi ƙirin, gam ɗin baya kuma yana ɓallewa da an buɗe sosai. Bi lambobin shafi a wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe, domin jabu yakan maimaita damin shafuka goma sha shida ya tsallake wasu. Na gwanjo na asali ya fi sabon jabu ƙarko, sai dai a tabbatar babin ƙarshe yana nan. A duba bango kuma ko an rubuta "abridged" ko "retold", wato taƙaitacce ne da aka sauƙaƙa. Irin wannan yana da amfani ga mai koyon Turanci, amma sharhin da ka karanta a kan cikakken littafi ba shi yake nufi ba.