Manhajar hawan jini a waya: ta taimake ni, amma ba ita ke awo ba

Bayan likita ya tabbatar mini da hawan jini a nan Gusau ya ɗora ni kan maganin amlodipine, ɗiyata ta saukar mini da wata manhaja a waya. Shekaru ke nan ina amfani da ita, kuma na gamsu, amma amfaninta sai ga wanda ya mallaki na'urar awo ta gaske, wadda ake ɗaurawa a damtse.

Ita manhajar ba ta auna jini, rubutawa take yi. Akwai waɗanda ake tallatawa wai ka ɗora yatsa a kan kyamara su ba ka lamba. Don Allah kada a dogara da su. Wani abokin aikina ya ajiye maganinsa saboda irin wannan ta riƙa nuna masa 120/80, da ya je asibiti aka tarar jininsa ya haura 160. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau alhali ciwon yana cin ƙoda da zuciya a ɓoye.

Da safe, kafin shayi da goro, nakan zauna minti 5, in jingina bayana, in ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, in auna, in shigar da lambobin. Da dare ma haka. A asibiti daga 140/90 ake kiransa hawan jini, a gida kuwa daga 135/85, kuma manhajar kan sa jan launi idan na tsallake. Abin da ya fi burge ni shi ne zanen da take fitarwa na wata guda. Da na nuna wa likita, ya lura awon gida ya fi na asibiti sauƙi, wato fargabar layi da ganin farar riga na ɗaga mini jini. Da awon asibiti kaɗai ya bi, da ya ƙara mini magani. A nan kuma nake rubuta ranakun da ƙafafuna suka kumbura, abin da ya ce maganin kan jawo.

Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, ƙararrawar shan magani ba ta daina bugawa ba, domin ba ta buƙatar intanet. Duk mai neman manhaja a yankinmu ya fara duba wannan.

Inda ta gaza shi ne abinci. Babu tuwo, babu miyar kuka, babu kilishi a jerinta. Tana tuna mini shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kada gishiri ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, amma ba ta san dunƙule da kanwa da yaji ba, alhali nan gishirinmu yake ɓuya. Wannan sai da muka zauna da uwargida muka rage da kanmu. Da azumi ma ni na mayar da ƙararrawar zuwa sahur, bayan na tambayi likita.

Sannan komai da Turanci ne. Mahaifiyata ma tana da hawan jini, amma sai jikanta ya shigar mata da lambobin, ranar da ya tafi makarantar kwana kuwa rubutun ya tsaya.