Masu neman likitanci, ku kula da masu sayar da "tambayoyin JAMB na bana"

Jama'a don Allah duk mai yaro ko ƙani da zai zauna JAMB yana neman likitanci ya tsaya ya karanta wannan, saboda ƴan damfara sun gano inda ake jin tsoro kuma nan suka kafa shago. Sun san gurbin likitanci kaɗan ne, ko BUK ko ABU Zariya ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba ta ɗaukar yadda ta ga dama, akwai adadin da MDCN, hukumar da ke kula da harkar likitoci a Najeriya, ta ƙayyade wa kowace makaranta, masu nema kuma ga su nan jingim, to yaro yana jin ance sai ya ci maki mai yawa sai hankalinsa ya tashi, uwa ma hankalinta ya tashi.

Yadda suke yi shi ne za su jefa yaro cikin wani guruf na WhatsApp ko Telegram da hoton tambarin JAMB a sama, kwana biyu ana turo tambayoyi kyauta ana ta addu'ar Allah ya ba da sa'a, ga wasu lambobi suna ta godiya wai bara sun ci 320 albarkacin oga, alhali duk su ne da kansu. Daga nan sai a ce akwai guruf na musamman na ƴan likitanci kawai, in ka biya za a ba ka ainihin tambayoyin da za su fito. Akawun ɗin da za ka tura kuɗin kuma sunan wani mutum ne daban, ba sunan makaranta ba, ba na kamfani ba.

Ɗan wata maƙwabciyarmu ya biya, ya kawo min abin da suka turo mishi na duba a wayarsa. Wallahi abin takaici. Shafukan farko tsofaffin tambayoyi ne aka ɗauki hotonsu a karkace, an goge shekarar da ke sama amma inuwarta na nan. Can ciki sai ga tambayoyi kan ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, waɗannan kuwa na MCAT ne, jarrabawar shiga likitanci ta Amurka, babu abin da ya haɗa su da JAMB. Mu nan darasi huɗu ne: Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks. Turanci tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimla 180 cikin awa biyu, maki 400. Har amsoshin ma wasu ba daidai ba ne, wai a ƙoda ake yin insulin, kuma yaro ya zauna ya haddace wannan da zuciya ɗaya.

Kuɗin da ya tafi ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce mataki na biyu, bayan jarrabawa sai su dawo su ce suna da mutum a ciki da zai ƙara maka maki, turo lambar rajista da imel da lambar sirri da lambar NIN. Kada ku kuskura. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya shiga shafinka ya yi ɓarna, ko ya riƙa yi maka barazana sai ka ƙara kuɗi. Abin da za su turo kuma takardar bogi ce da suka gyara a kwamfuta, makin gaskiya na nan a wurin JAMB bai motsa ba, kuma tun 2017 ta CAPS, wato tsarin ɗaukar ɗalibai na JAMB a intanet, ake ba da gurbin karatu, jami'a abin da ke can take gani ba takardar hannunka ba. Kun tuna yarinyar nan ta Anambra a 2023 da ta fito da sakamakon 362 ashe 249 ta ci, ƙarshe shekara uku aka hana ta zama jarrabawar.

Kuma ku yi tunani mana, jarrabawar da ake yi a kwamfuta, kwanaki ana yi, rukunin safe daban na rana daban, ta yaya wani zai ce tana cikin wayarsa tun wata biyu kafin lokaci?

Abin da yaro yake buƙata ba ɓoyayye ba ne. Manhajar karatun tana shafin JAMB a sashen IBASS kyauta, a sauke a buga a bi ta maudu'i bayan maudu'i. A je kantin littattafai da ƙafa a sayi Ababio na kemistiri, Anyakoha na fiziks, Ramalingam na bayoloji, a buɗe a duba shafukan tsakiya kafin a biya don akwai bugun jabu da zanen cikinsa ba ya ganuwa. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani sosai amma duk amsar da ka yi shakka ka koma littafi ko ka kai wa malaminka. Sannan yaron da bai saba da kwamfuta ba a yi mishi rajistar jarrabawar gwaji, ya riƙa sa wa kansa agogo yana amsawa.

In an riga an tura kuɗi a je banki da wuri da shaidar turawar a kai ƙorafi, in kuma an ba da lambar sirri a canza ta yau ɗin nan, a fice daga guruf ɗin.