House of the Dragon, zango na farko: rigimar gado ce, dodanni rakiya suka yi

Wanda ya zauna kallon wannan zango don ya ga yaƙi zai sha jira. Kashi 10 ne, kowanne wajen awa ɗaya, tashar talabijin ta HBO ta fara haska shi ranar 21 ga Agustan 2022, kuma mafi yawan abin da ke ciki zaman fada ne da ƙus-ƙus da ƙulla aure. A wurina nan ne ƙarfinsa yake. Zan taɓo wasu abubuwan da suka faru, wanda bai kalla ba ya yi hattara.

Matar Sarki Viserys ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma ya bi ta. Sai sarki ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, ya sa manyan ƙasa suka yi mata mubaya'a. Bayan haka ya auri Alicent, 'yar wazirinsa Otto Hightower kuma aminiyar Rhaenyra, ta haifa masa ɗa namiji, Aegon. Ƙawa ta koma matar uba. Shi kansa Viserys ya hau karaga ne don majalisa ta tsallake 'yar'uwarsa Rhaenys saboda mace ce, to wa zai riƙe waccan mubaya'a ranar da ƙasa ta rufe idonsa? Kowa a fada ya ga abin da ke tafe ban da shi.

Paddy Considine, wanda ya fito a sarkin, shi ya riƙe zangon. A kashi na 8 ciwo ya cinye masa rabin fuska, ya rufe da marufin zinariya, ya dogara sanda yana jan ƙafa zuwa karaga don ya tsaya wa 'yarsa. Kambin ya zame ya faɗi. Ƙanensa Daemon, wanda suka shekara suna gaba, ya ɗauka ya mayar masa a ka. Wannan wuri kaɗai ya biya kuɗin data.

Inda aikin ya yi tuntuɓe shi ne tsallen shekaru. A kashi na 6 an tsallake shekara 10, aka sauya 'yan wasa: Emma D'Arcy ta karɓi Milly Alcock a matsayin Rhaenyra, Olivia Cooke ta karɓi Emily Carey a matsayin Alicent. A kashin ne ka fara gane cewa Harwin Strong, shugaban dogaran birni, shi ne uban 'ya'yan Rhaenyra, ba mijinta ba, kafin ya ƙare gobara ta ci shi. Mutuwar ba ta taɓa zuciya domin ba a ba ka lokacin saninsa ba. A kashi na 8 aka ƙara shekara 6, yaran suka sake fuska, shi kuwa Daemon ko furfurar kirki bai ƙara ba. Ga sunaye kamar an zubo su daga ƙwarya ɗaya: Aegon, Aemond, Daemon, Rhaenyra, Rhaenys, Rhaena. Kunna rubutun ƙasan allo tun daga kashi na 1.

Sai duhu. Abin da ya faru a bakin teku a kashi na 7, inda Aemond, ƙanen Aegon, ya haye dodo Vhagar, da rana aka ɗauka sannan aka duhunta hoton ya zama dare. A waya kusan baƙin allo za ka gani. Kalli kashin da dare, ka kashe fitila, ka ƙure hasken allo, ka cire tsarin tattalin batir. Kada ka sauke mai ƙaramin nauyi, matse bidiyo yana mayar da duhu dabbare-dabbare, ka nemi 1080p.

Kashi na 9 ban gamsu da ƙarshensa ba. Rhaenys ta fasa daɓe da dodonta a wurin naɗin Aegon sarki bayan rasuwar Viserys, talakawa suka mutu, ta tsaya gaban maƙiyan Rhaenyra gaba ɗaya ta juya ta tafi. Babu wannan a Fire & Blood na George R. R. Martin, littafin da aka ɗauko labarin, an cusa ne don burgewa.

Ba na kallo da yara ba ne, ko gaban surukai. Akwai tsiraici, akwai naƙuda har huɗu da aka nuna ɓaro-ɓaro, uku sun ƙare da mutuwa, ga Daemon ya auri 'yar wansa.