Ursofalk na ruwa bayan tiyatar Kasai: amfaninsa da iyakarsa

Jaririn da aka haifa da toshewar hanyar maɗaciya, aka yi masa tiyatar Kasai (wadda ake haɗa hanta da hanji kai tsaye) a Jidda ko Riyad, da wuya a sallame shi babu wannan magani a jakar uwarsa. Ursofalk na kamfanin Dr. Falk Pharma ne na Jamus, sinadarinsa ursodeoxycholic acid. Aikinsa shi ne tsinka ruwan maɗaciya ya gudana ta sabuwar hanyar da likita ya haɗa da hanji, ya kuma rage wa hanta ƙunar da wannan ruwa ke yi mata idan ya taru.

Na ruwan ya fi kafso dacewa da jariri nesa ba kusa ba. Kowane mililita 5 na ɗauke da miligiram 250, wato 50 a mililita ɗaya. Likitoci kan rubuta miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau biyu a rana. Jariri mai kilo 4 da aka rubuta masa 10 zai sha miligiram 40, mililita 0.8 ke nan. A nan ne na ga gazawar kayan: kofin awon da ke zuwa da kwalbar bai dace da ɗan wannan adadi ba ko kaɗan. A nemi sirinjin baki na mililita 1 a saidaliyya, wato kantin magani, a girgiza kwalbar sosai, a ɗiga a gefen kunci sannu a hankali. Idan ba a girgiza ba, maganin kan kwanta a ƙasa, yaro ya sha tsararo yau, ya sha mai kauri ƙarshen wata. Kwalbar da aka buɗe wata 4 take yi, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta, kuma kada a bar ta cikin mota a zafin Makka. Yaro na ƙara nauyi, awo na canzawa. A tuna wa likita a kowane zuwa asibiti.

Illarsa da aka fi gani sakin ciki ne. Idan kuma an haɗa wa yaro cholestyramine saboda ƙaiƙayi, a raba su da aƙalla awa 2, domin cholestyramine na riƙe Ursofalk a hanji.

Abin da ya kamata iyaye su riƙe da kyau shi ne, maganin ba ya buɗe hanyar da ba ta buɗu ba. Takardar kamfanin da kanta ta hana ba da shi idan tiyatar ba ta yi nasara ba. Shaidar nasara tana cikin kunzugu: kashi ruwan ɗorawa ko kore, fitsari garau, da gwajin bilirubin, sinadarin shawara a jini, da ya sauka ƙasa da 2 mg/dL wata 3 bayan aiki. Kashi fari-fari kamar alli, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, alama ce ta ciwon hanyar maɗaciyar, kuma allurar jijiya ta kashe ƙwayoyin cuta yaron yake buƙata a ɗakin gaggawa a daren nan, ba ƙarin Ursofalk ko Panadol ba. A fatar yaranmu shawara ba ta saurin nunawa, sai a duba farin ido da dasashi a hasken rana.

Shi kaɗai ma bai isa ba. Yana tafiya ne da bitamin A, D, E da K, da madara mai man MCT, man da hanji ke tsotsa cikin sauƙi, idan nauyi ya tsaya, da maganin rigakafin ƙwayoyin cuta irin su Septrin. Kafin a fara Septrin a tabbata an gwada G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin Septrin kan iya fasa su ga mai ƙarancinsa, kuma ƙarancin ya yawaita a cikinmu da kuma cikin Larabawan ƙasar. Jiƙon shawara da zuma da habbatus sauda da 'yan uwa ke kawowa barka, a karɓa da godiya, amma kada ɗigo ya shiga bakin jaririn.

Ina ba da shawararsa ga wanda likitan hanta ya rubuta masa. Ba kowace saidaliyya ke ajiye na ruwan ba, don haka a nemi sabuwar kwalba tun ta hannu ba ta ƙare ba.